Ranar da Na Yi wa Ummu Zahrun Wanka

Da sunan Allah nake buɗe baki, Shi da bai gaji da ni ba. Ni ban yi boko ba, allo ma ban wuce ƙananan surori ba, don haka jikata Rabi'atu ce ke riƙe da alƙalami. Na ce mata abin da na faɗa shi za ta sa, ko ya yi mata daɗi ko bai yi ba. Dalilin zaman nan shi ne maganar da kuka taso kuna ji a gefen tabarma a gidajen biki, wai kakarku ta yi wa wata kafira wankan tsafi a ƙasa mai tsarki. Na san kun ji, don ina ganin yadda kuke sunkuyar da kai. Wanka dai na yi shi, da hannayen nan biyu. Imanina kuma ya yi rawa a shekarar, wannan ma gaskiya ne. Sai dai ba wankan ne ya girgiza shi ba, masu ba da labarin sun juya shi. To ku gyara zama.

Shekarar da yaƙi ya ci Kuwaiti ce. Muna Riyad, unguwar Ulaisha, a wani tsohon bene mai hawa uku. Kakanku Malam Iliyasu yana tuƙa motar kayan miya ta kafilinsa, wato Balaraben da zamanmu a ƙasar ke hannunsa, yana ɗauko kaya daga kasuwar Aziziya yana raba wa shaguna. Shekara guda kafin nan muka rasa autana Habibu, yana da shekara huɗu. Likitoci suka ce da huda a zuciya aka haife shi. In ya ɗan yi gudu sai leɓɓansa su yi shuɗi, ya tsuguna yana haki yana yi mini dariya. Maza suka ɗauke shi suka kai, ni ban ga kabarin ba, don can mata ba sa zuwa maƙabarta, kabari kuma ba a sa masa alama. Na ce Innalillahi kamar kowa, na yi haƙurin da aka ce in yi. Amma ni 'yar maginan tukwane ce. A gindin Innata na tashi tana murza laka, kuma a gidanmu in tukunya ta fito daga wuta tana yoyo, wanda ya gina ta ake nema a tambaya. Wannan tunanin ya zo mini sau ɗaya, na danne shi, na zauna a kansa.

Ana nan cikin tsananin zafi sai mutanen Kuwaiti suka kwararo garin, motoci sun yi buɗu-buɗu, katifu a ɗaure a sama. Aka ba wata tsohuwa da ɗanta ɗakin da ke fuskantar namu. Ɗan sunansa Zahrun, maƙerin zinariya ne, mutum mai yawan shiru, ya sami aiki a wani shago a kasuwar Batha. Uwar kuwa Ummu Zahrun ake ce mata, siririya, doguwa, ta kai saba'in. Na kai mata dambu na maraba, ta yi godiya har da dafa ƙirji, amma washegari na ga kwanon ya dawo yadda na kai shi. Abin ya sosa mini rai, na ce ƙila cimarmu ce ba ta saba da ita ba.

Wata safiya na hau rufin bene shanya, sai na tarar da ita a tsaye, ta lulluɓe da fari, tana motsa baki, ta fuskanci arewa. Tausayinta ya kama ni, don na san wannan ɓata. Mu a gida gabas muke kallo, tun muna yara ba mu san wata alƙibla ba sai inda rana ke fitowa. Da na zo Riyad kwana uku ina salla ina kallon gabas, na ba Ka'aba baya ban sani ba, sai da kakanku ya shigo ya gani ya ce, "Hauwa, ai mun wuce Makka, yanzu tana yamma da mu." Salla goma sha biyar na rama, ina kuka don kunya. To da na ga baƙuwa tana kallon arewa, sai na ajiye bokiti, na je na kama kafaɗunta a hankali, na juya ta yamma. Ta dube ni. Ta gama abin da take faɗa. Sannan ta yi wata 'yar dariya, ta juya abinta arewa.

"Hala, alƙibla nan take," na ce mata, don haka ake kiran babbar mace a can, kamar a ce Inna.

"Na sani, ya binti," ta ce, wato 'yata. "Taki ce. Tawa tana can."

Larabcina na kasuwa ne, nata na mutanen bakin kogi, amma mun fahimci juna. Ta leƙa matakala ta ga ba kowa, sannan ta gaya mini su ba Musulmi ba ne, ba kuma Kirista ba. Subba ake ce musu, asalinsu bakin manyan kogunan Iraƙi, addininsu duk a ruwa mai gudu yake, kuma ba sa cin girkin wanda ba nasu ba. Ta roƙe ni kada in ɗaga maganar, don garin ba ya ɗaukar irin wannan. Da na gaya wa kakanku a ɗaki, sai ya ajiye lomar da ya ɗauko.

"Sabi'awa? Ai sunansu yana cikin Alƙur'ani. Ni na ɗauka sun ƙare tun zamanin annabawa, ashe ga su a ƙofar ɗakina. To ki gaishe ta, ki riƙe bakinki."

Kwanci tashi muka saba. Kakanku kan dawo da ragowar kuɓewa da tumatir daga kasuwa, mu zauna ni da ita a rufin bene da la'asar muna gyarawa, kowa da wuƙarta da kwanonta. A irin zaman nan ne wata rana na tambaye ta me ke arewa da take kallo. Ta goge hannu, ta fara, kuma ta iya ba da labari kamar kakata. Ta ce a farkon fari akwai Rai Babba a cikin gidan haske. Gidan cike yake maƙil, babu gurbin da za a ƙara ko ƙwayar gero, babu abin da ya rasa. Don tsabar cika sai ya tumbatsa, ruwa mai rai ya gangaro, fari fat. Daga ruwan nan Rai na biyu ya fito, daga na biyu na uku ya fito, kowane daga na gabansa, tare da masu haske ba iyaka, kamar yadda ake jan rafi daga kogi, a ja lambatu daga rafi. Kogin bai ragu da komai ba, amma ruwan da ya kai ƙarshen lambatu ba shi da hasken na bakin kogi. Ta ce na ukun nan ya leƙa ƙasa cikin baƙin ruwa ya ga inuwarsa, daga inuwar aka sami wanda ya gina duniyar nan. Ya yi iya ƙoƙarinsa, amma hannunsa bai faɗa ba. Ya gina mutum, mutum ya kasa tashi, sai da aka ɗauko rai daga gidan haske aka sa masa, ran ya shiga jikin yana kuka yana cewa a mai da shi gida. Gidan nan ta wajen arewa yake, in ji ta, shi ya sa take kallon can.

Na ce, "A'uzubillahi. Wato ɗan koyo ne ya yi duniya?"

"In kin ga dama ki ce haka."

Ya kamata in tashi a nan. Ban tashi ba. Na ji bakina yana cewa, "To yaron da aka haifa da huda a zuciya fa?"

Ta ajiye wuƙarta. Ban taɓa gaya mata Habibu ba, amma ta gane. Ta ce, "Jikin ne ya sami tangarɗa a hannun mai gini, ya binti. Ran lafiyarsa lau, ya dai riga mu komawa gida."

'Ya'yana, ba don ta ɓatar da ni ta faɗa ba, don ta lallashe ni ta faɗa, da abin da take da shi. Amma maganar ta sami wurin zama a shirye. Abin da na danne shekara guda ya miƙe tsaye. Na san aikin 'yan koyo, na ga tukwanensu, baki a karkace, gindi da tsaga. Sai zuciyata ta riƙa raɗa mini cewa ga amsar da ba wanda ya ba ki, ɗanki kuskuren hannu ne. Kuma abin tsoron shi ne maganar tana da sanyi, don ta ba ni wanda zan ɗora wa laifi. Tun daga ranar in na tayar da kabbara sai harshena ya yi nauyi, in yi ruku'u in yi sujada kamar mai daka a turmin da ba hatsi. Ban fasa salla ko ɗaya ba, amma ban san ko ana karɓa ba, kuma ba wanda zan iya gaya wa, har kakanku. Na daina hawa rufin bene da la'asar. Yaƙi ya zo, jiniya tana kuka, muka liƙe tagogi da salatif, mutane suna tsoron abin da zai faɗo daga sama, ni kuwa tsorona kada in mutu a wannan hali. Wata huɗu na yi haka. Na rame har zanena yana zamewa.

Bayan an tsayar da yaƙi da 'yan kwanaki, wata ranar Alhamis da hantsi, Zahrun ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Kakanku ya dawo daga zagayen safe ke nan yana shan shayi. Mutumin nan mai shiru ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce uwarsa kwana biyar zazzaɓi ya kwantar da ita, ƙirjinta ya cushe, ta ƙi asibiti, yau kuma ta ce lokaci ya yi. Ya ce a addininsu ba a jiran rai ya fita kafin wanka. Tun mutum yana numfashi ake zuba masa ruwan kogi sau uku, a sa masa fararen kayansa, don ran ya fita a shirye. Wanda ya mutu ba a yi masa haka ba, hanyarsa ta komawa tana tsawo da wahala. Babu macen su ko ɗaya a garin, shi kuma ba shi da mota, ruwan famfo kuwa a wurinsu yankakken ruwa ne da aka raba da kogi, ba ya yi.

Kakanku ya ce, "Kogi? A Riyad? Bawan Allah, ka duba taga."

Amma shi direba ne, ya san wani kwari a kudancin gari, hanyar Ha'ir, inda ruwa ke gudu ko da rani. Ya dube ni da Hausa ya ce, "Hauwa, motar ba tawa ba ce, ga shingayen sojoji a hanya. In aka tambaye ni ina za ni da Ba'iraƙe da jarkoki, me zan ce?" Na ce ban sani ba. Ya kurɓi shayinsa, ya ajiye kofin, ya ce, "Zan ce ruwa za mu ɗebo wa mara lafiya, ai ba ƙarya ba ce. Ke kuma jinya za ki yi. Ba za ki faɗi abin da suke faɗa ba, ba za ki kalli inda suke kallo ba. Maƙwabciya ce." Ya ɗauki makulli suka fita.

Ni na tsallaka ɗakinta ina ganin yau zan ƙarasa faɗawa ramin da nake bakinsa. Tana kwance a ƙasa, ta zama kamar kara. Ta buɗe ido ta ce, "Kin yi fushi da ni, ya binti." Na ce ban yi ba, kuma ban yi ɗin ba. Ta nuna mini wani ƙulli a ƙarƙashin matashinta. Ranar da suka gudo, mutane suna kwasar gwal, ita wannan ƙullin kaɗai ta ɗauko: riga da wando da mayafi farare, da wata ɗamara ta ulu. Sai wajen azahar mazan suka dawo. Kakanku ya dire jarka biyu a bakin ƙofa yana yamutsa fuska.

"Ruwan nan fa har ɗan wari yake. Na ce masa mu sayi na roba mai kyau, ya ce a'a."

Zahrun ya ce, yana kiransa baffa da Larabci, "Yana gudu, ya ammi. Shi ke nan abin da ake nema."

Na zaunar da ita a cikin babban baho, na jingina ta da ƙirjina. Zahrun ya tsaya a bayan labule yana karanta nasu da wani harshe da ba Larabci ba, ni kuma bakina a rufe, sai Bismillah da na yi a zuci don ban iya taɓa ruwa ba tare da ita ba. Na kwara na farko tun daga ka har ƙafa. Na kwara na biyu. Da na zo na uku sai na kawar da furfurarta gefe don kada ruwa ya shiga, kunnenta ya fito a tafin hannuna. Na tsaya ina kallonsa. Kunne ne kawai na tsohuwa, amma ga lanƙwasar nan ta sama, ga 'yar kwarin da ke zagayawa ta gangara ciki, ga taushin ƙasan. Sak na Habibu, wanda nake murzawa in yana barci a cinyata. Wannan mata an haife ta a bakin wani kogi da ban taɓa gani ba, kusan shekara saba'in kafin ɗana, ba dangi ba yare, amma hannu ɗaya ne ya naɗe kunnuwan nan biyu, kuma bai kauce ko da gashi ɗaya ba. Ni na san aikin hannu. Ɗan koyo ba ya yin baki biyu su zo daidai ko a rana ɗaya. Sai na tuna Innata in ta gama gina madambaci, tukunya lafiyayya sumul, takan ɗauki tsinke ta huda gindinta da kanta, tana sane, mu yara muna cewa ta ɓata. Ban ce na san abin da hudar Habibu take yi ba, har yau ban sani ba. Amma a wurin nan, da moɗa a hannuna, na gane ba na son ɗana ya zama kuskuren kowa. Wanda ya san abin da yake yi ne ya yi shi, haka ya so shi, ya ba ni shi shekara huɗu, ya karɓi abinsa. Wani dutse da ke kan ƙirjina ya sauka. Na kwara ruwa na uku ina kuka, kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi.

Ina ɗaura mata ɗamarar ulun nan ne Hajiya Kande ta turo ƙofa. Matar wani ɗan garinmu ce da ke aikin gini a unguwar Sulay, ta zo nemana aka ce ina nan. Ta ga mace da rai a cikin fararen kaya, ga jarkoki, ga murya a bayan labule, ga ni jiƙe sharkaf ina hawaye. Ta ce, "La'ilaha illallahu, Hauwa, me nake gani?" Ba ta tsaya jin amsa ba. Daga bakinta labarin ya tashi, ya zaga matan Hausawan Riyad, ya hau jirgi ya riga ni zuwa gida. A da ni ake kira wankan jarirai in an haihu, daga ranar ba a ƙara kirana ba. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Na yafe mata tuntuni, ta riga mu gidan gaskiya, abin da idonta ya gani ta faɗa. Allah ya rufa asiri maganar ba ta fita daga cikin Hausawa ba, ba ta kai kunnen kafili ko hukuma ba.

Ummu Zahrun kuwa ba ta mutu ba. Ko ruwan ne ya karya zazzaɓin, ko kwananta ne bai ƙare ba, Allah ne masani. Bayan kwana uku ta nemi shayi, tana mita wai ta yi kwalliya ta je ƙofa an ce ta dawo. Da hanya ta buɗe suka tafi, ban ƙara jin labarinsu ba. Ita da addininta ta tafi, ni da nawa na zauna, hukunci kuma na Allah ne.

Amma bari in koma ranar wankan, don abin da nake so ku riƙe yana can. Bayan Hajiya Kande ta fita, na kwantar da tsohuwar, na goge ɗakin, sai na ji ana kiran la'asar, ga azahar ban yi ba. Ban iya tafiya in bar ta ba, don muna zaton kowane numfashi shi ne na ƙarshe. Na yi alwala a famfonta, na shimfiɗa mayafina. Kaina ya ɗaure don gajiya da kuka, ɗakin kuma ba nawa ba, sai jikina ya koma wa sabonsa na yarinta, na tsaya ina kallon gabas. Na ɗaga hannu ke nan sai na ji an ja bakin zanena. Ita ce, daga kwance, cikin fararen kayanta, da ɗan ƙarfin da ya rage mata. Ta ɗaga yatsa tana nuna bangon yamma.

"Ba nan ba, ya binti. Taki tana can."

Na juya. Na tayar da kabbara, harshena ya tashi sakayau kamar ba a taɓa ɗaure shi ba. Rabi'atu, sa wannan yadda na faɗe shi, ki ajiye alƙalamin ki ɗebo mini ruwa a buta.